Amsoshin Tambayoyinku: Yayin Kwalliyar Shafukan Intanet

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan birnin Yamai. Wasiƙun da suka taru a gabanmu wannan mako sun karkata ne wuri guda, wato kamannin shafukan intanet da yadda suke sauya riga lokaci zuwa lokaci, da kuma abin da ya kamata ɗan kasuwa ko ƙungiya su yi idan mai zanen shafi ya zo musu da maganar cewa ga abin da ake yayi. Mun zaɓo shida daga ciki.

Ta farko ta fito ne daga wani ɗalibi na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda. Ya ce: "Lokacin da nake yaro, maɓallan da ake latsawa a intanet suna da tudu da sheƙi kamar alewa, sai aka wayi gari duk sun lafe. Yanzu kuma na ga an koma wani abu mai kama da gilashi. Wane ne yake yanke hukuncin abin da za a yi yayi?"

To ɗan'uwa, babu wata majalisa da ke zama ta yanke wannan hukunci, amma idan ka bi sawu za ka tarar abubuwa biyu ne ke jan akalar, wato abin da kayan aiki suka iya yi a zamaninsu, da kuma abin da ƴan tsirarun kamfanonin Amurka masu ƙera tsarin salula da kwamfuta suka ga damar yi. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, rubutu ne zalla babu ko hoto guda. Da manhajar Mosaic ta fito a 1993 ta ba da damar saka hoto a tsakiyar rubutu, sai mutane suka shiga cika shafukansu da duk abin da hannu ya kai, kamar jeren ɗakin amarya: rubutu mai ƙyafta ido, rubutu mai gudu daga dama zuwa hagu, taurari masu walƙiya, da ɗan akwatin da ke ƙidaya baƙin da suka leƙo. Bayan nan aka shiga zamanin Flash, wata manhajar saka motsi da sauti a shafi, inda sai ka zauna ka kalli ɗan wasan motsi da kiɗa kafin a bari ka shiga shafin.

Sheƙin da ka tuna kuwa, kamfanin Apple ne ya fi yaɗa shi tun daga 2001 da maɓallansa masu kama da ɗigon ruwa, kuma da iPhone ta zo a 2007 sai abin ya ƙara gaba: wurin rubuta bayanai aka yi shi kamar takarda ruwan ɗorawa mai layi-layi, wurin ajiye littattafai kuma kamar kantar katako. Wannan kwaikwayon kayan zahiri yana da dalilinsa, domin a lokacin yatsun mutane ba su saba da latsa gilashi ba, dole sai an nuna musu abu mai tudu kafin su gane cewa nan ne ake taɓawa. Da aka saba, sai dalilin ya kau. Microsoft ya fara share tudu da inuwa a salularsa ta 2010 da kuma Windows 8 a 2012, Apple ya bi baya a 2013 ƙarƙashin jagorancin babban mai zanensa Jony Ive, sannan Google ya fito da nasa tsarin mai suna Material Design a 2014, wanda ya mayar da ƴar inuwa kaɗan. Masu zanen shafuka a ko'ina suka bi sahu, domin ba wanda yake so shafinsa ya yi kama da tsohon yayi a cikin sabuwar waya.

Akwai wani abu da ke ba ni dariya a wannan tarihi. A da, idan mai zane yana so gefen akwati ya yi zagaye maimakon kusurwa, sai ya yanka ƙananan hotuna ya liƙa a kowace kusurwa, aiki ne na mai haƙuri, saboda haka zagayayyen gefe ya zama abin tinƙaho. Da aka kai lokacin da layi ɗaya na umarni ya isa a samu zagaye da inuwa da sheƙi, kowa ya iya, sai manyan masu zane suka ce abin ya zama na ƙauye. Lafewar ma ba ta zo kyauta ba, domin wani gwaji da kamfanin Nielsen Norman Group ya wallafa a 2017 ya nuna cewa mutane sun ɗauki ƙarin lokaci da ya kai kashi 22 cikin ɗari wajen gano abin da suke nema a shafukan da alamun latsawa suka dusashe. Shi kuwa gilashin da kake gani yau, ba sabo ba ne. Windows Vista ta zo da shi a 2007, ya dawo wajajen 2020, sannan Apple ya sake fito da shi a 2025 da sunan Liquid Glass, kamar dai wando mai faɗin ƙafa na shekarun 1970 da iyayenmu suka ajiye a akwati, jikokinsu suka zo suna nemansa wajen tela.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da turaren wuta a kasuwar Wadata. Ta ce yaron da zai zana mata shafi ya ba ta shawarar a sa bidiyo mai cika allo a farkon shafin, da hotuna masu juyawa da kansu, da rubutu mai fitowa a hankali idan ana gangarawa ƙasa, kuma ya ce sai ta ƙara masa kuɗi a kan waɗannan. Tana tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Yaron bai yi miki ƙarya ba cewa ana yayin waɗannan abubuwa, sai dai yana da kyau ki san inda aka haife su. Salon da hoton baya yake tafiya a hankali rubutun gaba yana wuce shi ya bazu ne wajajen 2011 zuwa 2013, musamman bayan jaridar New York Times ta buga wani dogon labari da irin wannan ado a ƙarshen 2012, kuma waɗanda suka ƙirƙire shi suna zaune ne gaban manyan allunan kwamfuta da intanet na waya mai shiga gida wanda ba a ƙidaya masa mega. Abokiyar cinikinki kuwa tana riƙe ne da Tecno ko Itel, ta sayi ɗan forfe na yini, kuma rezo yana zuwa yana ɗaukewa. A ƙididdigar masu auna nauyin shafukan duniya, matsakaicin shafi a yau ya haura mega biyu, kuma hotuna ne suka fi cin wannan nauyi. Bidiyo ɗaya mai kunna kansa yana iya ninka wannan sau da dama, kuma daga aljihun mai kallo ake cire kuɗin, ba daga na mai zane ba.

Na taɓa ganin abin da idona. Wata rana da tsakar rana ina tsaye a bakin titi kusa da kasuwar Katako, ina neman ranar da za a rufe karɓar takardu a shafin wata ma'aikata. Da na latsa, sai wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allon, ya juya har na gaji da tsayuwa na koma ƙarƙashin rumfar mai shayi. Daga baya bidiyon ginin ma'aikatar ya fito, an ɗauko shi daga sama, ga tuta tana kaɗawa. Na gangara ƙasa, sai ga sanarwar da nake nema an rubuta ta da siririn rubutu ruwan toka a kan fari, wanda hasken rana ya haɗiye gaba ɗaya. Na kare allon da hulata, na runtse ido, ban kai ga karanta ranar ba sai ga saƙon cewa forfe ya ƙare. A ƙarshe mai shayin ne ya gaya mini ranar, domin ƙanensa ya kai takardunsa jiya.

Saboda haka shawarata, Hajiya, ki ce masa ya bar bidiyon. Hotuna masu juyawa ma ban ga amfaninsu gare ki ba, domin yawancin masu shiga ba sa jiran na biyu ya zo, kuma atamfar da mace ta fara ƙyallawa tana iya gushewa kafin ta kai yatsa. Kuɗin da ya nema ki kashe su wajen ɗaukar hotuna masu kyau a hasken safiya, kowace turmi a shimfiɗe yadda zanenta zai fito, sannan ya rage nauyinsu kafin ya ɗora, domin hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai mega uku ko huɗu, alhali ana iya matse shi ya koma ƙasa da rubu'in mega ɗaya ba tare da ido ya lura ba. Farashi ya fito ƙarara a ƙarƙashin kowane hoto, maɓallin WhatsApp kuma ya zama babba inda babban yatsa zai same shi. Game da launin rubutu, akwai ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa wa masu raunin gani, wadda ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kada ya gaza huɗu da rabi bisa ɗaya, kuma akwai ma'aunai na kyauta da zai iya gwadawa da su. Kafin ki biya shi cikon kuɗinsa, ki karɓi wayar ɗaya daga cikin yaran shagonki, ki fita bakin ƙofa cikin rana, ki buɗe shafin da kanki.

Wani malamin makaranta daga Tawa ya rubuto yana cewa ya lura shafin banki da na asibiti da na mai sayar da takalma duk kamarsu ɗaya: babban hoto a sama, jimla guda a kansa, maɓalli a ƙasa, sannan akwatuna uku a jere. Yana tambaya ko masu zanen ne suka zama ragwaye.

Malam, akwai lalaci a ciki, amma ba shi ne babban dalili ba. A 2010 wani mai zane Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar gina shafi guda mai miƙewa da tsukewa daidai da girman allon da aka buɗe shi, kuma akwatunan nan uku sun dace da dabarar ƙwarai, domin a kwamfuta suna jeruwa gefe da gefe, a salula kuma sai su hau kan juna. A 2011 wasu ma'aikatan Twitter biyu, Mark Otto da Jacob Thornton, suka saki wani tsararren zubi kyauta mai suna Bootstrap, wanda dubban masu zane suka ɗauka suna sauya masa launi kawai. Ga kuma WordPress, wani tsarin gina shafuka wanda aka fara a 2003, yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, kuma akasarinsu rigar kanti suke sayowa a maimakon ɗinkin tela. Su kansu tamburan manyan kamfanoni sun bi wannan hanya, domin Google ya aske ƙafafun harufan sunansa, wato ƴan ƙananan layukan ado da ke bakin kowane harafi, a 2015, gidan tufafi na Burberry a Ingila ya yi haka a 2018, sai dai shi a 2023 ya sake komawa harufa masu ƙafa.

Ni dai ban ɗauki wannan kamanni a matsayin aibi tsantsa ba. Wanda ya saba ganin layukan nan uku a kusurwar allo, waɗanda Norm Cox ya zana tun farkon shekarun 1980 domin kwamfutar kamfanin Xerox, ya san cewa nan ne ƙofar sauran sassa, ba sai an koya masa ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ake zubawa a cikin zubin. Sau nawa ka buɗe shafin wata ƙungiya ta Tawa ko Madawa ka tarar da hoton Turawa sanye da kwat suna musabaha a wani bene mai gilashi, ko waɗannan zanen mutane masu dogayen hannuwa da ƙananan kawuna da launin shuɗi, waɗanda Facebook ya yaɗa daga 2017? Zanen aro ba ya rufe katara. Hoton buhunan albasar Galmi a bayan mota, ko na ɗalibanka a cikin ajinsu, ya fi gaya wa baƙo ko ku su wane ne.

Akwai gajeriyar tambaya daga wata ɗaliba a unguwar Talaje, ko gaskiya ne baƙin allo, wato farin rubutu a kan baƙi, yana rage cin batir. Ƴar'uwa, ya danganta da wayarki. Wannan yayi ya kankama ne a 2019 lokacin da Android da iPhone suka shigar da shi cikin tsarinsu. Idan allon wayarki irin OLED ne, ɗigon da ke nuna baƙi a kashe yake, don haka akwai ragowa. Idan kuwa LCD ne, kamar yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, fitilar bayan allon a kunne take ko da me ake nunawa, saboda haka ba abin da kika rage. Da dare yana da daɗin ido, amma da rana tsaka baƙin rubutu a kan fari ya fi karantuwa.

Wasiƙa ta biyar ita ce ta fi taɓa ni. Sakataren wata ƙungiyar marubuta a Tawa ya ce an zana musu shafi da wani zubin harufa mai kyan gaske, amma duk inda harafi mai lanƙwasa ya zo, sai ya fito da wata kama dabam da ta ƴan'uwansa, ko kuma a wasu wayoyi ya zama ɗan akwati fanko. Mai zanen ya ce su rubuta ba tare da lanƙwasa ba, wai kowa zai gane.

Malam sakatare, kada ku yarda. Laifin ba na harufanmu ba ne, domin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, duk suna da gurbinsu a kundin harufan duniya na Unicode. Matsalar ita ce yawancin zubin harufan da ake yayi an zana su ne domin Ingilishi da Faransanci da maƙwabtansu, mai zanen bai taɓa zana ƙ ba. Idan manhajar buɗe shafi ta nemi harafin ta rasa, sai ta aro shi daga wani zubi, shi ya sa kake ganinsa ya fi sauran tsawo ko kauri kamar baƙo a cikin sahu. Idan ba ta samu inda za ta aro ba, sai ta ajiye akwatin nan. Masu sana'ar suna kiran wannan akwati da sunan tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awarar waken suya, kuma sunan Noto da Google ya raɗa wa babban tarin harufansa daga nan ya samo asali, ma'anarsa babu sauran awara. Noto yana da harufanmu, haka ma Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, kuma dukkansu kyauta ne.

Batun cewa kowa zai gane kuwa, ku tambaye shi ko baƙi da baki abu ɗaya ne, ko ƙafa da kafa, ko kuwa zai so a rubuta masa karya a inda ake nufin ƙarya. Mai karatu yakan gane daga zancen, gaskiya ne, amma ƙungiyar marubuta ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta saba wa yara da rubutu marar lanƙwasa. Ku kula musamman da ƴ, domin ƙa'idar rubutun Hausa da hukumomin ilimin ƙasarmu suka tsayar a 1999 da ita take aiki, alhali ƴan'uwanmu na Najeriya sun fi rubuta ta da ɗan waƙafi a sama kafin y, kuma shi ya sa wani zubin zai iya zuwa da ukun farko ya manta da ita. Kafin ku amince da kowane zubi, ku sa a rubuta muku jimla mai ɗauke da su duka, misali "Ƴan ƙauye sun ɓoye ɗan rago", a siririn rubutu da mai kauri da na gicciye, sannan a jera manyan harufan huɗu, ku duba a waya biyu ko uku mabambanta.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce, Alhaji mai kamfanin jigilar kaya tsakanin Yamai da Birnin Ƙonni. Ya ce an yi masa shafi fiye da shekara goma da suka wuce, yanzu ɗansa ya matsa masa cewa ya tsufa, abin kunya ne, a rushe a sake sabo.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsufan kamanni kaɗai bai isa dalilin rushewa ba. Wikipedia, wadda take cikin shafukan da aka fi ziyarta a duniya, ta zauna da kama guda daga 2010 har zuwa farkon 2023, kuma shafin gwamnatin Birtaniya da aka buɗe a 2012, wanda kusan baƙin rubutu ne a kan fari, shi ya ci kyautar zanen shekara ta gidan tarihin zane na Landan a 2013. Amma akwai tsufan da yake cuta, kuma a nan ɗanku yana iya zama da gaskiya. Ku sa ya buɗe shafin a salula a gabanku. Idan sai an ja allo da yatsu biyu kafin rubutu ya karantu, to an gina shi ne domin kwamfuta, kuma tun 2015 Google yake fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon binciken da aka yi da waya. Idan akwai wani fili da ya zama fanko, wataƙila Flash ne a wurin, wanda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a ranar 31 ga Disamba 2020. Idan kuma manhajar Chrome tana rubuta gargaɗin cewa shafin ba shi da tsaro, kamar yadda take yi tun 2018 ga shafukan da ba su da takardar shaidar tsaro, wannan yana korar abokan ciniki, kuma gyaransa ba ya buƙatar a taɓa launi ko tambari.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, ku ba da aikin gyara, amma ku rubuta wa mai gyaran abin da kuke so a takarda: garuruwan da motocinku ke zuwa, ranakun tashi, inda tashar lodi take, da lambar da ake ɗauka idan an kira. Ku tabbatar kuma sunan shafin da kalmar sirrinsa suna hannunku, ba a hannun yaron da ya zana ba. Idan kuwa shafin ya buɗe lafiya a wayar direbanku kuma lambar da ke ciki tana shiga, to ku ce wa ɗanku ya sauya hotunan motocin da aka riga aka sayar, ya bar sauran yadda yake.

Sauran wasiƙun da suka shafi sayen suna mai ƙarewa da .ne da kuɗin ajiyar shafi na shekara, za mu ɗauke su a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.